Faƙo: Cutar da Ke Ɓoye a Ƙarƙashin Garma

Duk damina, manoman arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kan ga jan ruwa yana kwarara daga gonakinsu zuwa kwazazzabai. Jan nan ƙasar sama ce, mai ɗauke da taki da abincin shuka. Akan ɗora laifin zaizayar a kan sare itatuwa, kuma gaskiya ne, sai dai akwai wani dalili da ido ba ya gani.

A wasu wurare marmara ce shimfiɗe dab da saman ƙasa. A wasu kuma garmar tarakta da ke huɗa a zurfi ɗaya shekara da shekaru, haɗe da nauyin taya, ita ke danne ƙasar ciki har ta koma kamar daɓe. Idan ruwa ya sauka, ya jiƙa saman, sai ya rasa hanyar nutsewa, ya malala gefe yana jan ƙasa. Saiwar gero da dawa ma takan lanƙwashe a kan daɓen, shi ya sa ɗan tsaikon ruwa kan sa shuka yaushi. In saman ya ƙare, faƙo ne ke saura.

Manoman Illela a jihar Tawa sun nuna cewa faƙo yana farfaɗowa. Bayan ziyarar da wasunsu suka kai yankin Yatenga na Burkina Faso a 1989, sun rungumi tassa: ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da ake haƙawa da rani, a zuba takin gargajiya. Takin yana jawo gara, ita kuma tana huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Da wannan dabara marigayi Yacouba Sawadogo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Bai kamata kuɗin su ƙare a zuba kankare a kwazazzabai ba, domin kwazazzabo ƙarshen cuta ne. Malaman gona su riƙa haƙa rami su duba ƙasar ciki kafin a shigar da tarakta, a sauya zurfin huɗa, a bar kara a gona, a kuma kyale gawo ya girma, saiwarsa ta ratsa daɓen. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.