Jan ƙyalle bai dami bijimi ba

A filin wasan bijimai na ƙasar Sifaniya, ɗan wasa kan kaɗa jan ƙyalle, bijimi ya taso a fusace, 'yan kallo su ɗauka jan ne ya tunzura shi. Alhali idon shanu ba ya rarrabe ja da kore yadda namu ke yi. Motsin ƙyallen ne ke harzuƙa shi. Ko fari aka kaɗa masa, haka zai kawo tunkuyi.

Maganar tana can ƙuryar ido, a wani tantani da haske ke sauka a kai. A idon ɗan Adam tantanin nan yana ɗauke da ƙwayoyi masu kama haske iri biyu. Akwai kimanin miliyan 120 masu aiki cikin duhu, waɗanda ba ruwansu da launi, shi ya sa da dare duk rigunan da ke kan igiya sai su koma toka-toka. Su ne kuma kan raunana idan jiki ya rasa sinadarin bitamin A, mutum ya kamu da dundumi. Sauran, kimanin miliyan 6, su ne masu launi, kuma kashi uku ne: masu karkata ga shuɗi, ga kore, da ga ja. Ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon kowane kashi ta fitar da ruwan goro, ruwan ƙwai, ko shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata.

Kare da doki da saniya kashi biyu kawai gare su, don haka duniyarsu ta shuɗi ce da rawaya. A cikin mutane ma akwai masu irin wannan gani. A 1794 Baturen Ingila John Dalton ya bayyana yadda shi da ɗan'uwansa ke rikita launuka. Abin gado ne, yakan biyo ta wajen uwa, kuma ya fi kama maza: kusan ɗaya cikin 12 a tsakanin mazan Turawa.

Kada dai mutum ya yi taƙama, domin tsuntsaye da yawa kashi huɗu gare su. Ƙudan zuma kuwa, wanda Karl von Frisch ya tabbatar a 1914 cewa yana gane launi, ba ya ganin ja sosai, amma yana ganin wani haske da ke gaba da shunayya a jerin bakan gizo, wanda idonmu ba ya kamawa. Furen da muke gani rawaya zalla, a wurinsa yana da zane mai nuna inda zaƙi yake.

Inda ilimin nan ya fi shafar makiyayi shi ne batun tsando, ƙudan da ke sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci. Masu bincike sun gano cewa shuɗi mai haske yana janyo shi daga nesa, amma a kan baƙi ya fi son sauka. Sai aka ɗinka tarko da yadi shuɗi da baƙi, a jiƙa shi da maganin ƙwari, a kafa a bakin rafi da mashayar dabbobi. Tun daga Yuganda har Gini da Chadi an kafa irinsa, kuma ya taimaka wajen rage ciwon barci a yankunan da ya addaba.