Faifai Biyu Ba Tagwaye Ba Ne

Tun da gwamnatin tarayya ta shelanta cewa ma'aikatunta za su bar aiki da takarda, kowane ofis sai zancen sayen kwamfuta. Waƙar 'yan kwangila kuwa ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, faifai biyu muka sa, ba abin da zai ɓace." Ina!

Dabarar da suke nufi ita ce RAID 1, sunan da wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka yaɗa a 1988: duk abin da aka rubuta a faifan ajiya ɗaya, nan take a rubuta a ɗan'uwansa. Sai dai faifai biyu da aka buga wa terabayit ɗaya a kwali ba lallai cikinsu ya zo daidai ba. Wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Sara ya san tiya tana fin tiya. Wani faifan kowane gurbinsa bayit 512 yake ci, wani 4096. Wajen haɗawa ƙaramin ne ke da magana, rarar babban ta tafi a banza. Ranar da ɗaya ya mutu aka kawo sabo, ko da gurbi ɗaya ya gaza, na'ura ba za ta karɓa ba. Maganin bai taka kara ya karya ba: a ƙirga gurabe kafin a biya kuɗi, a bar ɗan fili a ƙarshen kowane faifai tun ranar farko.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mu a nan mun gaji adana. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu, zanen shanu marasa tozo yana nan a jikin dutse, ya sha damina ba adadi.  Amma shiga ɗakin ajiyar wasu ofisoshinmu ka ga takardun gona da na gado: gara ta ci gefe, yoyo ya narkar da tawada, an ɗaure sauran da tsumma.

Kuma faifai biyu a akwati ɗaya, ɗaki ɗaya, ambaliya irin ta 2022 tare za ta kwashe su. Abin da akawu ya goge bisa kuskure ma, tare yake gogewa. Shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, kafin ku sa hannu a takardar biya, ku tambayi ɗan kwangila: kwafi na uku a wane gini yake kwana?