Saniya mai ciki ta kumbura: kada a gaggauta huda ta

A zagayen da nake yi wajen makiyayan Tabotaki, cikin Bouza, har zuwa Madaoua da Keita, da zarar ciki ya kumbura sunan da ake ba shi ɗaya ne: kumburin tumbi. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma idan saniya ce mai ciki wata 6 zuwa 9, akwai wani abin da nake so a fara tunawa, wato ruwa ya yi yawa a mahaifa.

Ɗan maraƙi yana cikin jaka biyu. Ta ciki, faya, ruwanta yake haɗiya. Idan aka halicce shi da nakasar da ta hana shi haɗiya, ruwan sai ya taru sannu a hankali, wata da watanni. Wannan bai cika faruwa ba. Wanda ya fi yawa, kusan kashi 9 cikin 10, na jakar waje ne, inda fitsarinsa ke taruwa, kuma lalacewar mabiyiya ke jawo shi. Shi ne mai haɗari: cikin sati 2 ko 3 ruwan da bai kamata ya wuce lita 20 ba yana iya haura 100.

Yaya za ka bambance? Kumburin tumbi a kwiɓin hagu yake tasowa, cikin sa'o'i, in ka buga ya yi ƙara kamar ganga. Na mahaifa kuwa gefe biyu ne, cikin ya yi tauri kamar tulu, saniya ta rage ci, numfashi ya yi mata wuya, tashi ya gagara.

Huda irin wannan da wuƙa kashe ta ne. Ko likitan dabbobi a hankali yake zuƙe ruwan, yana yi mata ƙarin ruwa ta jijiya, don in ya fita gaba ɗaya saniyar na iya faɗuwa. Yakan yi allurar tayar da naƙuda. Ɗan ba ya cika rayuwa, mabiyiya kan maƙale. Idan ta riga ta kwanta, ni shawarata a yi maganar yanka tun da sauran nama a jikinta.

Kada a sa hannu tsirara cikin ruwan haihuwa ko na ɓari. Zazzaɓin kwarin Rift da ya kashe mutane a Tchintabaraden da Tassara a 2016 ta irin wannan hanya yake kama makiyayi.