Kafin ku saya wa yaro kayan haɗa kiɗan tekno

Mu da muke aiki a gidan radiyo, da wuya mako ya wuce ba tare da wani ɗan kasuwa ya tare mu da wannan tambaya ba: yaro ya matsa a saya masa kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa, wai tekno zai yi, to wacce za a saya? Masu shagunan kwamfuta da salula a Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya da Ƙonni su ma haka masu saye ke tambayarsu. Tun da kuɗin daga jari za su fito, ya kamata a san abin da za a biya.

Shi dai tekno an haife shi a birnin Ditiroyit na Amurka, a tsakiyar shekarun 1980. Wasu samari baƙar fata uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, su suka aza harsashinsa da ƙananan na'urorin ganga irin su TR-808 da TR-909 na kamfanin Roland. Daga baya ya samu gindin zama a Balin, har Jamus ta sa shi cikin jerin al'adun ƙasarta a 2024. Kiɗa ne na maimaici. Babbar ganga tana bugu sau huɗu a kowace gaɓa, kamar sau 125 zuwa 140 a minti guda, sauran sautuka suna shiga suna fita a kanta. Abin da waɗancan na'urori suke yi, yau manhaja ce ke yin shi cikin kwamfuta.

Wadda yara suka fi sani ita ce FL Studio, da a da ake kira Fruity Loops, ta wani kamfanin Beljiyam. Tana da layi mai gida 16. In aka danna gida na 1 da na 5 da na 9 da na 13, gangar tekno ta tashi ke nan. Shi ya sa ɗan koyo ke saurin gane ta. Wanda ya biya sau ɗaya yana samun sababbin fitowarta kyauta har abada. Amma a lura da abu biyu. Ta gwaji tana bari a ajiye aiki, sai dai ba za a sake buɗe shi ba sai an biya. Sannan mafi arahar cikinsu ba ta ɗaukar murya ta makirfo, don haka ba ta isa ga mai son ɗaukar mawaƙa.

Ta biyu ita ce Ableton Live, da ta fito a Balin a 2001. Manyan masu tekno da yawa ita suke riƙe da ita, domin an gina ta don kiɗa a gaban jama'a: ana kunna gutsuren sauti ana kashe wani ba tare da kiɗan ya tsaya ba. Sai dai tana da tsada, kuma tana neman kwamfuta mai RAM giga 8 ko fiye. Tsohuwar kwamfutar gwanjo ba za ta ɗauke ta ba.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai Reaper. Ba ta da nauyi, ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisinta kuma dala 60 ne ga mai aikin kansa. Ta ƙware wajen ɗaukar murya, amma sautukan ganga sai an nemo an ƙara mata. Akwai kuma LMMS da ba a biyan ko dala, tsarinta ya yi kama da na FL Studio. Ita Logic Pro kuwa, a kayan Apple kaɗai take aiki, kada a ruɗe ku.

Sai maganar da kowa ya sani amma ba a son faɗi, wato kwafin sata da ake zubawa a kasuwa da ƴan kuɗi kaɗan. Mun taɓa ganin sakamakonsa a ɗakin aikinmu. Wani yaro ya kawo kiɗansa cikin kile, muka sa a kwamfuta, ashe akwai birus ciki, shirye-shiryen da muka tara suka tafi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai shagon da ya zuba wa mutum irin wannan, in kwamfutar ta lalace, shagonsa za a dawo da rigima.

Shawararmu ita ce a fara duba kwamfutar da ke hannu kafin a zaɓi manhaja. Da yadda wuta ke ɗaukewa, ta tafi-da-gidanka mai batir mai kyau ta fi ta tebur. A haɗa wa yaro da abin sauraro na kunne mai inganci, a bar shi wata biyu a kan ta gwaji ko ta kyauta. In ya kammala kiɗa ko da uku ne daga farko har ƙarshe, to ya cancanci a biya masa. In kuwa ya watsar, jari bai yi ciwo ba.

Mu tuna da Mamman Sani, wanda ya naɗi kasetinsa na kiɗan lantarki a Yamai a 1978 da organ guda ɗaya tak. Shekaru da yawa ana jin kiɗansa a radiyo da talabijin na ƙasa, kuma a 2013 aka sake buga shi a Amurka. Kayan aikinsa ba su kai na yaranmu na yau ba.

Allah ya ba da kasuwa, ya shirya mana zuri'a.