Farin da ke fitowa a fadamunmu: gishiri ne ko kanwa?

Yau fadama za mu shiga.

Duk wanda ya taɓa bin gonakin rani a Wurno, Rabah ko Goronyo cikin watan Maris, ƙila ya ga wani fari-fari a gefen fangali kamar an barbaɗa gari. Albasa ta tsaya cak, bakin ganyenta ya ƙone, alhali jiya aka ba ta ruwa. Me manomi zai yi? Sai ya ce taki ne bai isa ba, ya ci bashi ya ƙaro buhu. To nan asarar take ninkuwa, domin ba yunwa ke damun shukar ba.

Cuta biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko gishiri. Kowane ruwa, na gulbi ko na rijiya, yana ɗauke da ɗan gishiri ko da harshe bai ji ba. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. A yankinmu damina wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekarar rana da iska ke aiki. Mu yi lissafi: a ce kowace lita na da giram 0.3, ka zuba lita miliyan 10 a hekta ɗaya cikin kakar noma. Ka ajiye tan 3 na gishiri ke nan, buhu 60 mai kilo 50. In ya taru, saiwa ba ta iya jan ruwa. Shuka tana cikin ruwa tana jin ƙishirwa.

Kuma amfanin gona ya bambanta wajen juriya. A ma'aunin masana, ƙasa ta zama mai gishiri in ta kai 4. Alkama na jurewa har 6, shinkafa 3, amma albasa daga 1.2 take fara raguwa. Kun ga abin da muke taƙama da shi, shi ya fi rauni.

Ta biyu kanwa, wato sinadarin sodiyam ya yi wa ƙasa yawa, ya kai kashi 15 cikin 100 na abin da take riƙe da shi. Wannan ƙasar kanta yake lalatawa. In ta jiƙe ta yi santsi kamar sabulu, ruwa ya kwanta a kai ya ƙi shiga. In ta bushe ta yi tauri, tsiro ya kasa fasa ta. Gwajin ba wuya: ɗauki ɗan busasshen dunƙulen ƙasa, ka sa a kofin gilashi mai ruwan sama, kar ka motsa. In ruwan kewayensa ya yi duhu-duhu da kansa, akwai alamar kanwa.

Ina matsalar take samun gindin zama? An kammala madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Ni'ima ce babba. Amma noman rani ƙofa biyu yake so, ta shigar ruwa da ta fitarsa. Mu duk hankalinmu na kan ta farko. In magudana ta toshe, ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya taso kusa da sama, rana ta jawo shi, gishiri ya fito fili. Tsohuwar cuta ce: manoman kudancin Iraƙi, shekaru kusan 4,000 baya, sun koma shuka sha'ir a maimakon alkama, kuma masana da dama gishiri suke ɗora wa laifin. A rahoton hukumar FAO na 2024, kusan hekta biliyan 1.4 na ƙasar duniya ke da wannan matsala.

To ina mafita? In gishiri ne, wanke shi ake yi da ruwa mai kyau, amma sai an yashe magudana tukuna, in ba haka ba wankin banza ne. In kanwa ce, ruwa kaɗai ba zai yi ba, sai an zuba jifsam, dutsen nan da ake haɗawa a siminti, wanda akwai shi wajen Dange da Shuni. Shi ke tumɓuke sodiyam, sannan ruwa ya tafi da shi. A ƙara da takin gida da buntun shinkafa, a rufe fangali da ciyawa don rage wa rana aiki.

Matasa, ga namu aikin. Magudana ba ta mutum ɗaya ba ce, gayya take so. Mu haɗa kai mu yashe kafin a fara noman rani. Mu tara kuɗi mu kai ƙasar gonakinmu awo, akwai masana ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mu kuma tambayi hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da wakilanmu: nawa aka ware wa magudanar ruwa?

Kafin Baba ya sake sayen taki bana, ka yi masa gwajin kofin nan. Wanda ya taɓa ganin farin a gonarsu, ya faɗa mana garin da abin da aka shuka.