Yadda Tabarau Ya Samu Ƙafafu

A bakin babbar kasuwar Anacha, ko a cunkoson motocin Fatakwal, ba a rasa saurayi Bahaushe ɗauke da allo cike da tabarau, da ɗan madubi rataye a gefe. Mai saye ya ɗora a fuska, ya leƙa madubi, ya taɓa bayan kunne ya ji ko ƙafafun sun kama. Ƙafafun nan da ba a ɗauka a bakin komai, sai da tabarau ya fi shekara 400 a duniya kafin a yi dabararsu.

A Italiya aka fara haɗa tabarau, wajen 1286. Na farkon gilashi biyu ne, kowanne cikin zoben katako ko ƙashi ko ƙaho, da 'yar mariƙa, sai a haɗe mariƙun da ƙusa ɗaya kamar almakashi. Mai karatu ya maƙala shi a karan hanci, in ya sunkuya ya faɗo, dole ya tallafe da hannu. A 1953 an tono irinsu a ƙarƙashin daɓen katako na wani gidan ibada a Wienhausen, ƙasar Jamus.

Daga nan aka yi ta gwaji. Masu aikin fata suka yi firam mai laushi. Mutanen Sifaniya suka sa zare suna zargawa a kunne, Sinawa kuma suka rataya ɗan abu mai nauyi a bakin zaren. Sai wajen 1730 aka ga ƙafafu masu ƙarfi a Landan, aikin da ake dangantawa da Edward Scarlett, su ma a gefen kai suke matsewa, ba su kai kunne ba.

Wajen kayan yin firam kuwa, masu hali sun fi son ƙoƙon bayan kunkurun teku, saboda sheƙinsa da yadda zafi ke lanƙwasa shi, har aka kusa ƙarar da dabbar, aka hana cinikinta tsakanin ƙasashe a 1977. Robar farko da ta kwaikwayi launinsa kuwa mugun cin wuta gare ta.

Ƙaho dai bai bar kasuwa ba. A Turai har yau ana sassaƙa firam da ƙahon ɓauna, da tsada sosai. Duk wanda ya ga tulin ƙahonin shanu a mayankar Inugu zai yi mamakin kuɗin irin wannan firam. Na kan allon saurayin kuwa roba ne da ƙarfe, yawanci 'yan China.