Abin da Iskar Teku Ke Faɗa Game da Daminar Batsari

Manomin Batsari ko na Runka da ke ƙaramar hukumar Safana ya san iska biyu sarai. Akwai ta gabas mai zuwa da hunturu, ta busar da leɓe, ta tsattsage ƙafa, ta rufe rana da hazo. Akwai kuma wadda ke juyowa daga kudu maso yamma idan bazara ta yi nisa, mai laima, wadda ke sa a fara sharar gona da kai taki. Ta biyun nan daga teku take. Ruwan da ke sauka a gonakin gero da dawa na bakin dajin Rugu, asalin mafi yawansa tururi ne da ya taso daga Tekun Atlantika, ta wajen mashigin Gini, ya keto ƙasa sama da kilomita 700 kafin ya iso. Ta farkon kuwa teku ta nufa, domin ƙurar da take ɗauke da ita can take zubewa. Shi ya sa tashoshin awon iska da aka kafa a gaɓar teku suka shafe mu, ko da yawancinmu ba su taɓa ganin teku ba.

Me ya sa sai a gaɓar teku? Idan ka auna iska a tsakiyar Kano ko Legas, abin da za ka samu hayaƙin janareto ne da na babura da na ƙona bola. Wannan ma awo ne mai amfani, amma labarin garin kaɗai yake bayarwa. Mai son ya san halin iskar duniya sai ya nemi wurin da iska ta yi kwanaki tana tafiya a kan ruwa ba ta gamu da hayaƙin kowa ba. Irin wannan wuri shi ne Calhau, a tsibirin São Vicente na ƙasar Cape Verde, ɗaruruwan kilomita yamma da gaɓar Senegal. A 2006 aka buɗe tashar awo a can, da haɗin gwiwar hukumar yanayi ta ƙasar da masanan Birtaniya da Jamus, tana kuma cikin jerin tashoshin sa ido na Hukumar Yanayi ta Duniya.

Aikin ba shi da wani armashi ga mai kallo. Hasumiya ce mai tsayin mita 30 a bakin ruwa, da bututu mai zuƙo iska zuwa wasu ɗakuna cike da na'urori. Wata na'ura tana haska iskar da wani haske da ido ba ya gani, ta auna yawan hasken da ya ragu, daga nan a san yawan sinadarin ozon. Wata tana tura iskar ta cikin takardar tacewa. Ana auna nauyin takardar kafin a saka ta da bayan an cire ta, bambancin shi ne nauyin ƙura da gishirin teku da ta kama. Sannan a kai ta ɗakin bincike a tantance abin da ke ciki: ƙarfe nawa, farar wuta nawa, gishiri nawa. Ana kuma rubuta inda iskar ta fito a kowace sa'a, don kada a ɗauki ƙurar tsibirin a matsayin ta teku.

Tashar ba ta daɗe ba ta ba masana mamaki. A 2008 masu bincike daga Jami'ar York, ciki har da Lucy Carpenter, suka bayyana cewa ozon yana lalacewa a saman wannan yanki na teku fiye da yadda lissafin kwamfuta ya nuna da kusan kashi 50 cikin ɗari. Dalili shi ne sinadaran bromin da aidin da ke tasowa daga ruwan teku da feshinsa. Ozon na can ƙololuwar sama kariya ce daga zafin hasken rana, amma na nan ƙasa yana cutar da huhu, yana rage yabanya, yana kuma ƙara ɗumamar duniya. Ashe teku yana wanke wani kaso nasa kullum, ba a sani ba sai da aka je aka auna.

Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne ƙura. A tsibirin Barbados, can ƙetaren Atlantika, masani Joseph Prospero na Jami'ar Miami ya yi shekaru da dama yana bin awon ƙurar Afirka da aka fara tun 1965. Da farin 1970 zuwa 1974 ya zo, ƙurar ta ƙaru. A farkon shekarun 1980, lokacin yunwar da Hausawan Nijar ke kira El-Buhari, ta kai kusan ninki huɗu na abin da ake samu kafin farin. Wato shekarun da dattawan Safana ke tunawa da mutuwar shanu da rumbu wayam, an rubuta su a takardun tacewa a wani tsibiri mai nisan dubban kilomita. Daga baya bincike ya nuna cewa farin kansa yana da alaƙa da teku: arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudanci, sai damina ta kasa hawowa arewa yadda ta saba. Masana da yawa suna ganin hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a wannan sanyin. A da an ɗora laifin a kan sare itatuwa da kiwo, amma babban dalilin yana can kan ruwa.

Hazon da ke rufe Katsina a Disamba da Janairu, har jirgi ya kasa sauka, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake, kusa da Faya-Largeau a arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Wani bincike na hukumar NASA a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ne ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, kusan miliyan 28 na sauka a dajin Amazon ɗauke da sinadarin fosfaras, irin wanda muke saya a buhun taki. Wadda ta faɗa teku kuwa tana ciyar da ƙananan tsirran ruwa da ƙarfe. Ita wannan ƙurar, kafin ta kai can, sai ta bi ta hancinmu. Lokacinta ne lokacin mura da tari da ciwon ido, kuma a ƙarshensa sanƙarau kan ɓulla, kamar annobar 2017 da ta addabi Zamfara da Sakkwato da Katsina.

Tashoshi mafi kusa da yanayinmu su ne guda uku da aka jera a 2006 ƙarƙashin shirin AMMA na binciken daminar Afirka: Banizoumbou gabas da Yamai, Cinzana a Mali, da M'Bour a gaɓar tekun Senegal. Sun gano abin da manomi zai gyaɗa kai a kansa. Ƙura mafi kauri ba a tsakiyar hunturu take tashi ba. A watannin Mayu da Yuni take, cikin iskar nan mai ƙarfi da ke riga hadari isowa, lokacin da gonaki suke tsirara, wadda ke binne shukar gero ta sa a sake shuka. Hunturu baƙuwar ƙura yake kawo mana, ta bazara kuwa ƙasar gonarmu ce ke tafiya. Barin karan dawa a gona da ƙyale tohon itatuwa yana rage wannan asarar.

A ganina jami'o'inmu sun yi jinkiri a wannan fage. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, ga kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Awon ƙura ba ya buƙatar tsadar na'urorin Calhau: famfon zuƙo iska ne, da takardar tacewa, da ma'auni mai kyau, da lantarkin sola. Wahalar tana wajen ɗorewa, domin awon shekara guda ba ya nuna komai, sai an samu kuɗi da ma'aikacin da zai riƙa canza takardar a kan kari har shekara ashirin.